Ɗan Fari a Layin Madarar Tamowa

Shekarun ƙarshe na aikina na jinya ban yi su a gefen gadon majinyaci ba, a cikin mota na yi su. An ɗauke ni daga ɗakin yara aka ce ni ce mai kula da shirin tamowa a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. 'Yan uwa suka yi ta zuwa yi min murna, wai an ƙara min girma. Girman da ni na gani shi ne ciwon baya da kumburin ƙafa, sai wata tsohuwar mota da ta fi ni sanin hanya, ta kuma fi ni gajiya. Yau ina wannan ƙauye, gobe ina wancan, jibi taro. Ran Alhamis kuwa in hanya ta bi da mu ta Maigatari, ranar kasuwar garin ke nan, sai mu maƙale tsakanin manyan motoci da garken shanu har rana ta karya. In na dawo gida Gumel hijabi kawai nake cirewa in zube a tabarma, abincin ma sai an yi min magiya.

Aikin kansa ba shi da wuyar ganewa. Yaron da abinci bai ishe shi ba, ko cuta ta hana jikinsa riƙe abin da ya ci, sai ya dinga zubewa har ya koma fata da ƙashi. Muna auna damtsensa da wani ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa ja, sai mu ba uwar abincin magani a ƙananan ledoji, gyaɗa ce da madara da sukari da mai, mata na ce masa madarar tamowa. Duk mako ta dawo da shi a sake aunawa a ƙara mata. Yaron da aka kawo da wuri, kana kallo yake cikowa. Wanda aka makara har ƙafafunsa suka kumbura ya daina karɓar abinci, wannan sai gado, gadon ma ba kowa ke tashi daga kansa ba.

Laifin madarar nan ɗaya ne, daɗi gare ta. Magidanta suka gano tana shiga da burodi. 'Yan acaɓa suna tsotsa a bakin tasha. Aka fara ganinta a kan tire a kasuwa, har ta tsallaka iyaka ba fasfo. Wasu matan kuma suka koyi aron yaro ramamme daga maƙwabta, a karɓo a raba. Duk wannan gaskiya ne, na gani da idona.

Sai aka kira mu taro a wani ɗaki mai sanyin na'ura, aka sanar da mu sabuwar doka daga sama. Daga yau ba a ba kowa madara sai uwar da ta haifi yaron, kuma sai ta faɗa da bakinta cewa ita ce uwarsa, ta faɗi sunansa. Na ɗaga hannu na ce a ƙauyukanmu yara da yawa a hannun kakanni suke. Wani mai kwat ya gyaɗa kai ya ce a sa wannan cikin ƙalubale. A aikinmu duk abin da ba a yi niyyar gyarawa ba, ƙalubale ake ce masa. Muka ci shinkafa muka watse, na kwaso dokar na raba wa ma'aikatana.

Lokacin tsakiyar damina ne, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Lokacin ne layinmu ya fi tsawo. Na je duba wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, dab da iyaka. Mai riƙe da wurin wani saurayi ne ɗan birni, bai daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya ba. Yaro mai ƙwazo, ba ya makara, ba ya taɓa ko leda ɗaya, doka kuwa yana bin ta kamar karatun allo. Ina son aikinsa, don irinsa ba sa sa ni ciwon kai.

Na gama duba ɗakin ajiya na zagaya bayan gini wajen mota don in sha furata, sai na tarar da wata matashiya a tsugune a inuwar motar, da ƙwaryar niƙa a gefenta. Ba goyo a bayanta.

"Sannu da aiki, Hajiya," ta ce.

"Yauwa, sannu. Layi ta gaba yake."

"Ba layi na zo ba."

Na jira. Ta dinga zana yashi da ɗan yatsa.

"Wancan na gidanmu ne ba lafiya," ta ce.

"Wane wancan?"

"Yaron Inna."

"Wace ce Inna?"

"Uwar maigidanmu."

"To yaron, ɗan wa ne?"

Ta ƙara sunkuyar da kai har mayafinta ya rufe mata fuska. Na ajiye furar. Macen da ta ce wancan tana kallon ƙasa, ba sai an faɗa min ba, ɗan farinta take nufi.

A birni abin ya soma gushewa. 'Yata ta cikina kiran sunan ɗanta na fari take yi tun daga ƙofar gida, hotonsa ma shi ne a fuskar wayarta. Amma a ƙauyukan nan kunyar ɗan fari tana nan da ranta. Mace ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta cewa nawa ne. Da an yaye shi kaka ke ɗauka. Da haka ake gane 'yar gidan mutunci, uwarta ma da haka za a yabe ta. Wannan kuma nata ya zo da ƙari, don sunan marigayi uban mijinta aka mayar wa yaron, sunan da ko a mafarki ba za ta furta ba.

A hankali na ciro labarin daga bakinta. Kasuwa biyu da suka wuce sun zo nan ita da Inna, Inna ce ke goye da yaron. An auna shi ya faɗa ja. Sai aka tambaye ta a gaban layi, a gaban surukarta, ko ita ce uwarsa. Sauran labarin sai a bakin saurayin na ji, don na aika direba ya kira min shi.

Ya tuna su sarai. "Hajiya, na tambaye ta, na sake tambayarta, ta ce ba nata ba ne, na Inna ne. Na ce to ya sunansa, ta ƙi magana. Sai tsohuwar ta ce wai ita ce uwarsa. Tsohuwar da ko haƙori babu! Na ce masu aron yara mun gane ku, ku ba mu wuri."

"A gaban mutane ka faɗa?"

"A gaban mutane. Don saura su ji."

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan sauke wa. Ni na miƙa masa dokar da hannuna, ni kuma wani ya miƙo min.

"Kai na nawa ne a ɗakinku?" na ce.

"Na huɗu."

"Ka taɓa jin mahaifiyarka ta kira sunan babban wanku?"

Ya dubi matar da ke tsugune, ya dube ni. "Innalillahi," ya ce a hankali.

Ya san abin nan tun yana rarrafe, a gida ya baro shi da ya sa farar riga. Ba shi kaɗai ba ne, mu duka haka aka koya mana aikin.

Na ce mata ta shiga mota mu tafi. Ta ce a'a, ita a gida niƙa aka san ta kawo. In aka gan ta a motar asibiti, an san ta kai ƙarar ciwon ɗanta da bakinta ke nan. Ta kwatanta mana gidan, ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ta bayan gonaki. Mu kuma muka yi ɗan jinkiri, sannan muka je muka yi sallama kamar wucewa muka zo yi.

Inna doguwar tsohuwa ce, busasshiya, maganarta irin ta mutanen Damagaram, don daga can aka auro ta. A bakinta asibiti likita ne, mu ma'aikatansa kuma lokotoro. Yaron yana kwance a ɗakinta a kan buzun sallarta, ta lulluɓe shi da zanen da ya fi kowanne kyau a ɗakin. Bai kai shekara biyu ba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, idanunsa a buɗe amma ba sa bin kowa. Na danna bayan ƙafarsa da yatsa, na ɗaga, ramin ya zauna. Na fasa leda ɗaya na kai masa baki, ya kau da kai. A kasuwa biyun nan ya wuce abin da madara za ta yi masa a gida.

"Inna, yaron nan gado yake so," na ce. "Yau ɗin nan. Ga mota a waje."

"Mijina ba inda za shi," ta ce. Haka take kiransa, mijina, irin wasan kaka da jika, ga shi kuma sunan mijin nata ne a kansa. "Likitar da aka ce mini ɓarauniya gaban 'ya'yan cikina? Tun da aka kawo ni garin nan ina yarinya, ba wanda ya taɓa cewa na ɗauki ko allurarsa. Da furfurata na goya shi na taka har can, aka yi mini dariya. Ina ba shi nonon akuya, ina ba shi rubutu. Abin da Allah ya yi shi ne daidai."

Na tambayi uban yaron, aka ce yana Maigatari wajen lodin motoci, sai ƙarshen wata yake leƙowa, wayarsa kuma ba ta shiga. Uwar ta riga mu isowa, tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ba ɗakin baya. Garin da take tankaɗewa tuni ya gama fita, rariyar kawai take kaɗawa.

Gwiwoyina ba sa son durƙuso, amma na durƙusa. Na ce Inna an yi miki ba daidai ba, kuma a ƙarƙashina aka yi, ki yi haƙuri. Na leƙa zaure na kira saurayin, don na taho da shi. Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ce Inna ki yafe ni, ban sani ba, ni ɗanki ne. Ta bar shi a tsugune, tana gyara wa yaron lulluɓi, tana korar ƙuda. Ni kuwa ina kallon numfashin yaron, ina jin kamar in sure shi in fita da gudu. Na yi shekaru a aikin nan, na san in na sure shi, gobe ba gidan da zai buɗe mana ƙofa a garin.

Can ta nisa. "To, lokotoro. Ni zan kai mijina." Ta ɗan ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida. "Amma ni tsohuwa ce, ba ni iya ɗibar ruwa. Waccan ta biyo mu ta riƙe mini buta."

Kafin mu fito da yaron, waccan ɗin tana tsaye a bakin mota da buta da ƙullin kaya. Ƙullin ba yanzu aka ɗaure shi ba.

Muka kwantar da shi a ɗakin yara masu tamowa a cikin garin Gumel. Aka sa masa siririyar roba ta hanci ana ɗura masa madara kaɗan kaɗan. Inna ta hau gadon ta zauna a wajen kansa, kowa ya shigo ita yake yi wa sannu. Uwar kuma ta shimfiɗa tabarma a ƙasa wajen ƙafafu, ta juya wa gadon baya. Ita ce wankin zannuwa, ita ce ɗebo ruwa, ita ce karɓo abinci.

Duk ranar da na dawo daga zagaye da sauran haske, nakan biya ta ɗakin kafin in wuce gida. Wata rana wata ƙaramar nas ta ja ni gefe ta ce, "Anti, uwar yaron nan zuciyar dutse gare ta. Ko kallonsa ba ta yi."

Na ce ta zo ta tsaya inda nake tsaye. Daga nan ana hango ƙarshen gadon. Uwar tana zaune ta ba shi baya kamar kullum, tana kallon ƙofa, amma hannunta ɗaya ya bi ta ƙarƙashin zanen gadon, tana riƙe da diddigensa. Haka take wuni, sai in an aike ta.

A tsakanin nan na yi abin da zan iya. Na bi ma'aikatana ɗaya bayan ɗaya na ce in mace ta yi shiru a layi, a ja ta bayan labule a tambaye ta a hankali, ba a gaban suruka ba, in ta gyaɗa kai ya wadatar. A taro na gaba na sake ɗaga hannu na ba da labarin. Aka ce abin tausayi ne ƙwarai, aka gode min, aka ce za a duba. Sai aka shiga maganar man mota.

Yaron ya fara nuna alamar dawowa. Kumburin ya sauka, har ya bi cokali da ido, Inna ta ce mijinta ya fara neman rigima. Na saki jiki, ban kamata in saki ba. Sai gudawa ta zo, ciwon ƙirji ya biyo baya, jikin kuma ba abin da ya rage masa na faɗa. Wata safiya da hantsi ina shirin tafiya Gagarawa, an riga an loda kwalaye a mota, aka kira ni a waya aka ce ya cika.

Na sa aka sauke kwalayen. Da na isa ɗakin, Inna tana kuka a fili, matan gadajen kusa sun kewaye ta suna ba ta haƙuri. Uwar tana gefe tana haɗa kwanuka. Ta wanke ɗan kofin da ake auna masa madara, ta goge shi da bakin mayafi, ta kai wa nas ta ce na asibiti ne. Idonta a bushe. Wata tsohuwa a gadon ƙarshe ta ce, "Kai, yarinyar nan 'yar mutunci ce, Allah ya yi wa uwarta albarka." Na ji kamar in yi ihu, sai na je na ce direba ya matso da mota.

Aka samu uban a waya ta hannun wani direban babbar mota, ya ce zai hau babur ya tare mu a gida. Inna ta shiga baya da yaron a cinyarta, a naɗe cikin zanen nan mai kyau. Uwar ta takure a jikin ɗaya ƙofar da buta a hannu, fuskarta a waje. Ni ina gaba. Muka wuce Sule Tankarkar muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fara fitar da kai, nan da 'yan makonni za a sha sabon kunu a duk gidajen nan.

"Direba, tsaya," in ji Inna. "Azahar ta yi."

Direba ya ce, "Inna, ai mun kusa. Ga garin can, kuma ana jiranmu."

"Na ce ka tsaya."

Ya tsaya. Inna ta juya wajen surukarta, ba ta dube ta a ido ba. "Ke, riƙe mini shi," ta ce. Ta ɗora mata yaron a cinya, ta zare butar daga hannunta, ta buɗe ƙofa da kanta ta fita. Ga inuwa nan kusa da mota, amma ta wuce ta, ta yi ta tafiya har gindin wata aduwa can nesa. Direba ya dube ni, ya ɗauki tasa butar ya nufi ɗaya gefen.

Muka rage ni da ita. Ban juya ba, ta madubi nake ganinta. Da farko hannuwanta a sama suke, kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Sannan ta sauke su a hankali ta rungume shi.

"Hajiya."

"Na'am."

"Da na ce nawa ne ran nan, da an ba shi?"

"Da an ba shi," na ce.

Na san abin da ke tafe, na roƙi Allah kada ta tambaya.

"Da ya tashi?"

Na ga yara da yawa irinsa a ranar da aka fara kawo shi, jan tef, ƙafa ba kumburi, baki yana karɓa. Na san yadda yawancinsu suke ƙarewa, suna guje-guje a tsakar gida. Ban taɓa jin na gaji da aikin nan irin na wannan lokacin ba, gajiyar da ba ta baya ba ce, ba ta ƙafa ba.

"Allah ne ya sani, 'yata," na ce. "Amma ba ke kika kore shi daga layi ba."

Ban san ko ta ji ni ba. Ta sa yatsa ta janye zanen daga fuskarsa. Na buɗe ƙofa na fita, na rufe mata a hankali. Ta bayan gilashi na ji ta fara yi masa magana, ban tsaya jin me take cewa ba.

Na taka cikin yashi har gindin aduwar. Inna ta idar da azahar, ta tashi ta yi nafila, ta sallame ta sake tayar da wata. Ban taɓa ganin azahar mai tsawon wannan ba. Da ta zauna ta ciro carbi, na matsa kusa na ce, "Inna, ko mu tafi? Rana tana yi."

Ba ta ɗago ba. Hawaye na bin ramukan fuskarta, yatsunta na jan carbi.

"Zauna, lokotoro," ta ce. "Ban gama ba tukuna."

Na zauna a kan yashi kusa da ita, muka ba motar baya.